Bayan an tuɓe kaki: yadda ɗan sanda zai koma zaman farar hula a Sakkwato

Kwana goma sha ɗaya da barin aiki na tafi banki da riga da hula. Na nufi ƙofa kai tsaye kamar yadda na saba shekara talatin da wani abu. Yaron da ke gadi, wanda bai kai sa'an ɗana na uku ba, ya tare ni da hannu, ya miƙo mini 'yar takarda. "Baba, ga lambarka, samu benci ka zamna." Bakina har ya buɗe zai tambaye shi ko ya san da wa yake magana. Sai na dubi mutanen da ke kan bencin: masu albasa, wata malamar makaranta, wani tsoho da sanda. Na nemi wuri a tsakaninsu na zauna, ina jin zuciyata tana tafasa ba tare da kowa ya yi mini laifi ba.

Ga wanda ke dab da ajiye aiki nake rubuta wannan, ɗan sanda ne ko na kwastan, ko shige da fice, ko gidan gyaran hali, ko Sibil Difens, tunda yawancin maganar ta shafe mu duka. Ana yawan zancen ƙarancin fansho, kuma gaskiya ne. Amma na ga waɗanda suka fita da ɗan abin hannunsu suka lalace cikin shekara biyu, saboda sun miƙa kaki a ofis, ba su cire shi daga ƙirji ba. Dabarar ita ce ka fara tuɓewa tun da sauran lokaci, kuma ka bi abubuwan bi da bi.

Tun saura shekara biyu, zauna da takardunka

Ranar fitarka ba gaibu ba ce. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta ce shekara 35 a bakin aiki ko shekara 60 da haihuwa, duk wadda ta riga zuwa. Ɗauki biro ka lissafa, ka rubuta ranar a jikin ƙofar ɗakinka in ta kama.

Sannan ka sauko da akwatin ƙarfen nan ka tattara takardar ɗaukarka aiki, takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, takardun ƙarin girma daga kofur zuwa inda ka tsaya, da takardun albashi, musamman wadda ke nuna matakinka a ƙarshen watan Yuni na 2004. Dalilin wannan watan shi ne a 2004 aka kawo tsarin fansho na karo-karo. Wanda ya shiga aiki kafin lokacin yana da haƙƙin shekarun da ya yi a tsohon tsari, gwamnatin tarayya ce ke lissafa shi ta zuba a asusunsa, kuma da waɗannan takardu ake lissafin. Hukumar Fansho ta Ƙasa, PenCom, kan tantance ma'aikatan tarayya tun ana saura kusan shekara guda su fita. Kada wannan tantancewa ta wuce ka, ko da kana can bakin daji kana aiki na musamman. Nemi izini ka je.

Ga inda mu Sakkwatawa muke yawan tuntuɓe: suna. A takardar firamare kai Muhammadu ne, a ta aiki an rubuta Mohammed, a banki Moh'd. Wani Abubakar ne a ofis, Garba a katin zaɓe. Wani kuma sunan garinsu ya ɗauka a matsayin na uku tun yana makarantar kwana, amma a NIN sunan mahaifi aka sa. Kwamfuta ba ta san cewa duk mutum ɗaya ne ba. Ka jera takardar aiki da NIN da BVN da rajistar kamfanin fanshonka a kan tabarma, ka duba harafi bayan harafi, har da ranar haihuwa. In akwai saɓani, gyara shi yanzu da kake da albashi da ƙarfin zirga-zirga. Ni harafi ɗaya ya riƙe ni wata huɗu.

Ka kuma nemi bayanin asusunka na fansho daga farko har yau. Kashi 8 cikin 100 ake cirewa daga albashinka, gwamnati ta ƙara kashi 10, bisa gyaran dokar da aka yi a 2014. Duba ko akwai watannin da aka cire ba a zuba ba. Ka tuna kuma da kashi biyu da rabi da ake cire maka na asusun gidaje na ƙasa. In ba ka ci bashin gida ba, kana da haƙƙin a mayar maka da shi daga Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya bayan ritaya. Mutane da yawa sun manta da shi. Haka ajiyarka ta ƙungiyar kofaratif.

Batun magaji ma a gyara. Sunan da ka rubuta tun kana saurayi, watakila na yayanka ne da ya rasu. Kuma ka sani, wanda aka rubuta a wannan gurbi wakili ne da za a nema, ba shi ke cinye gado ba. Rabo yana nan yadda shari'a ta tsara.

Inda za ka kwana

Ɗakin bariki na gwamnati ne, kuma kafin ka gama kwashe kaya wani ya riga ya zo auna taga. Kada ka bari sai an manna maka takarda a ƙofa gaban 'ya'yanka. In kana da fili a Mabera ko Arkilla ko bayan Gidan Dare, ɗaki biyu da bayi da katanga sun isa ka shiga. Siminti da fenti sa biyo baya. In haya za ka kama, biya shekara guda tun daga albashinka na ƙarshe.

Komawa ƙauye abu ne mai daɗin faɗi, amma a auna. Wanda garinsu ke wajen Sabon Birni ko Isa ko Rabah ya san halin da ake ciki da 'yan bindiga, kuma tsohon ɗan sanda ba ya ɓoyuwa: kowa ya san ya fito, kowa na zaton ya zo da kuɗi, wasu kuma na zaton shi ke kai rahoto. Shawarata ka bar iyali cikin gari, ka riƙa leƙawa, har ka karanci wurin da idon mazauni. Ziyarar Sallah da ka saba yi da kaki a mota ba ta nuna maka komai ba.

Ranar miƙa kaya

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Bindiga da harsashi su koma ma'ajiyar makamai a rubuce, kayan gwamnati duk a miƙa, ka karɓi takardar wanke kai, ka yi mata kwafi uku. Kada ka ɓoye kaki ɗaya "don tarihi" sannan ka riƙa sa rigar sanyinsa a tafiya don a buɗe maka shinge. Shigar ɗan sanda ga wanda ba ya aiki laifi ne, kai ma ka sha kama mutane a kansa. Sitikar da ke gilashin mota ma a ɓamɓare ta.

Kuɗin da ke zuwa sau ɗaya

Abu na farko: tsakanin albashin ƙarshe da fanshon farko akwai rami. Yana iya ɗaukar watanni, musamman ga mai jiran haƙƙinsa na kafin 2004. Wanda bai tanadi abincin wata shida zuwa shekara ba, a wannan ramin yake sayar da babur da filin matarsa. Sayi gero da shinkafa lokacin kaka, ka biya kuɗin makarantar yara gaba, ka rufe duk bashin banki kafin ranar.

In an tashi biya, za a ba ka wani kaso a dunƙule, sauran kuma a raba maka wata-wata. Hanya biyu ce, kuma za a sa ka zaɓa. Ta farko, kuɗin su zauna a kamfanin fanshonka yana juya su yana biyanka duk wata. In ka rasu, abin da ya rage na magadanka ne. Ta biyu, a miƙa kuɗin ga kamfanin inshora ya ɗauki alkawarin biyanka har ƙarshen rai. Amma lamunin magada na shekara 10 ne kawai, in ka wuce su ka rasu babu saura. Wanda ya fara da ta farko yana iya komawa ta biyu, wanda ya shiga ta biyu kuwa ba ya dawowa ta farko. Wakilan kamfanoni za su yi ta kiranka da "ranka ya daɗe" a waɗannan kwanaki. Kada ka sa hannu a ranar da aka kawo maka takarda. Ni mai ƙananan yara ne, na zaɓi ta farko. Wanda 'ya'yansa suka kama ƙasa yana iya ganin akasin haka. Mai gudun kuɗin ruwa kuma ya tambayi asusun da ba ruwa a cikinsa, wanda PenCom ta buɗe a 2021.

Fanshon ba zai kai albashinka ba, ko kusa. Shi ya sa tsofaffin 'yan sanda suka daɗe suna neman a fitar da su daga wannan tsari kamar yadda aka fitar da sojoji da jami'an DSS, har suka yi zanga-zanga a Abuja a watan Yuli na 2025. Shiga ƙungiyarsu, ka bi haƙƙinka. Amma lissafin tukunyarka ka yi shi da abin da ke shigowa yau.

Sai kuɗin dunƙule. Ranar da suka faɗo waya, labari zai riga ka isa gida, ban san ta yaya ba. Ƙanenka zai tuno da ginin da ya tsaya, wani aboki zai zo da harkar da ke ninka kuɗi cikin wata. Mun ga irin wannan damfara a MMM a 2016, mun sake ganinta a CBEX a 2025, kuma cikin waɗanda suka ƙone har da mutanen da suka yi shekaru suna binciken 'yan damfara. Dokar da na gindaya wa kaina ita ce wata uku ban taɓa ko kwabo ba. Duk wanda ya zo na ce masa kuɗin suna ɗaure, kuma ban yi ƙarya ba, don na ɗaure su. Cikin wata ukun nan rabin shawarwarin da suka burge ni sun mutu da kansu.

Hajji buri ne na kowa, sai dai kujera ta haura naira miliyan 8 a 2025, kuma sharaɗinsa iko, wanda ya haɗa da abin da za ka bar wa iyali. Tambayi malaminka kafin ka biya. Ƙarin aure da kuɗin sallama kuwa, ba zan ce komai ba illa amarya ba ta karɓar fansho.

Cikin gida

Nan ne aikin ya fi wuya, kuma ba wanda ke yi maka lacca a kansa. Shekara talatin kana yawo, yau Gusau, gobe Birnin Kebbi, jibi an tura ka kudu. Matarka ce ta riƙe gidan, ta san wane yaro ke ƙin kunu, wane ne ba a yi masa faɗa gaban mutane. Ka dawo rana ɗaya ka fara duba tukunya, kana tambayar dalilin da omo ya ƙare da wuri, kana tsayar da saurayi ɗan shekara ashirin kana yi masa tambayoyi kamar ka kamo shi a tasha.

Na yi haka. Wata safiya na tara yara a tsakar gida ina bincike kan wanda ya bar famfo a buɗe, ina kiransu ɗaya bayan ɗaya don in gwada maganarsu. Uwargida na bakin murhu, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Malam, nan hwa ba caji ohis na ba." Yaran suka ƙunshe dariya. Na shige ɗaki, ban fito ba sai azahar.

Abin da ya yi mini amfani shi ne na yi wata guda ina kallo kawai, kamar baƙo. Sannan na zauna da ita na faɗa mata ainihin adadin fanshon, ba ragi ba ƙari. Mace in ta san abin da ke akwai ta fi ka iya miƙar da shi, in ba ta sani ba kuwa zato za ta yi kana ɓoyewa. Na ɗauki aiki biyu na gida suka zama nawa: cefanen safe da kai ƙananan makaranta. Saura na bar mata mulkinta. Manyan yara kuma a hanya ake samunsu, a kan babur ko wajen gyaran gona, ba a zaman "zo nan ina son ganinka" ba.

Jiki da abin da ido ya gani

Kafin inshorar lafiyarka ta aiki ta tsaya, je a auna hawan jini da suga da ido, kuma ka tambaya a rubuce yaushe za ta tsaya. Daga nan ka nemi tsarin da mutum ke biya da kansa a hukumar inshorar lafiya ta ƙasa ko hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha. Jikin da ya saba da tsayuwar awa goma in ya koma tabarma da tuwo sau uku, cikin shekara yake kumbura. Yi tafiyar ƙafa bayan asuba, don a watan Afrilu da Mayu ƙarfe tara ma ta yi latti a garin nan.

Akwai kuma wanda ba a aunawa da na'ura. Wanda ya kwashe gawa a kan titi, ko aka harbe abokinsa a gefensa, yakan yi shekaru lafiya lau saboda aiki bai ba shi sukunin tunawa ba. Sai ya zauna, abin ya taso: barci ya ƙi, ƙarar salansa ta sa ya zabura, fushi ba dalili, ba ya iya zama ya ba ƙofa baya. Wasu sukan fara da maganin barci na kemis, su zarce. Addu'a da azkar suna nan, ba wanda ya ce ka bari. Amma in abin ya wuce wata guda yana hana ka barci ko yana sa ka ɗaga hannu a gida, ga likita. Akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware. Na san yadda "an kai shi Kware" ke sauka a kunnen Basakkwace. Da yawan masu zuwa can da ƙafarsu suke zuwa, su ga likita, su karɓi magani, su dawo gida kafin la'asar.

Abin yi

Kada ka zuba kuɗinka a sana'ar da ba ka taɓa yini a cikinta ba. Kiwon raguna don Babbar Sallah yana da riba, amma fara da uku ko biyar, ka koyi farashin dusa da ɓawon wake da harawa, ka bi wanda ya san kasuwar Achida da ta Illela sau da yawa kafin ka sayi ko ɗaya. A kara, dillali na ganin takalminka ya san kai sabon shiga ne. Ajiyar albasa ma haka: wanda ya saya da araha lokacin girbi yana iya samu, yana kuma iya buɗe rumbu ya tarar rabi ta ruɓe. Noman rani a fadamar Kwalkwalawa ko Wurno sai da tsayuwa a kai. Gonar da ake nomawa ta waya, mai gadinta take ciyarwa. Keke Napep da za ka ba yaro yana kawo balas, rubuta yarjejeniya gaban shaidu ko da ɗan ƙanwarka ne.

In kuma aikin tsaro kake so ka ci gaba da shi, akwai bankuna da makarantu da asibitoci da kamfanoni irin na siminti da ke Kalambaina, duk suna da sashen tsaro. A takardar neman aiki kada ka jera sunayen rundunoni da gajerun haruffan da sai ɗan sanda ke ganewa. Rubuta mutum nawa ka shugabanta, ka iya rubuta rahoto, ka iya tsara masu gadi, ka iya sasanta rikici. Ka shirya kuma manajanka ya zama sa'an ɗanka, ya kira ka da sunanka. Mai son buɗe kamfanin gadi nasa sai da rajista da lasisi ta hannun Sibil Difens, kuma masu gadinsa ba sa riƙe bindiga.

Unguwa

Wayarka za ta yi shiru. Waɗanda ke kira da sassafe su ce "Oga, an tashi lahiya?" kujerar suke gaisarwa. Kada ka riƙe su a rai, kuma kada ka zama tsohon da ke yini a bencin tsohon ofishinsa yana jiran yara su sara masa su ba shi na mai.

Masu zuwa yanzu wasu ne: an kama ɗan maƙwabci, ka zo ka sa baki. Taimaka da abin da ka sani. Faɗa musu beli kyauta ne, su nemi ganin DPO, su tafi da mai tsaya masa, kada su sa hannu kan abin da ba a karanta musu ba. Amma kada ka karɓi kuɗin kowa da sunan za ka kai ciki; daga ranar ka zama dillali, kuma ranar da abin ya ɓaci sunanka za a kira. In kana son hannu a tsaron unguwa, bi ta mai unguwa ko kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a. Sirrin tsofaffin shari'o'i kuma ba hirar majalisa ba ce, masu su suna raye, danginsu na zaune kusa da kai.

Sakkwato ba ta da girman da za ka ɓace wa wanda ka taɓa kamawa. Za ku haɗu a sahu ɗaya, ko a jana'iza. Wanda ka kama da gaskiya, gaishe shi kamar kowa, kada ka tuna masa. Wanda kuwa ka san ka zalunta, mari ne ko kuɗi ko kwanan sel ba dalili, ka fi kowa sanin gidansa. Na je wa mutum biyu. Ɗaya ya ce ya yafe tun tuni, ya kawo mini fura. Ɗayan ya saurare ni har na gama, ya tashi ya shige gida bai ce uffan ba. Har yau in mun haɗu a Tsohuwar Kasuwa ni ke fara sallama.

Sa'o'in da suka rage kuma a ba su suna, in ba haka ba kwanciya za ta cinye su. Ni tsakanin magariba da isha na koma karatun da na bari tun ina ɗan shekara sha tara, a zauren wani malami da aka haifa ina saje. Ranar farko ya tashi zai ba ni buzunsa, na ce a'a, na zauna a ƙasa kusa da wani mai gyaran rediyo. Mun kai babin gado yanzu, kuma mai rediyon ya fi ni saurin lissafi.